Ranar da Yaya Ya Ƙi Karɓar Wuƙa

Shekaranjiya jikata ta shigo da nama a farar leda, daskararre kamar bulo, ta ce daga babban kantin nan mai firiji ta sayo. Na juya shi, na sake juyawa, na ce da ita wa ya yanka. Ta dube ni kamar na tambaye ta sunan saniyar. Da Faransanci ta ba ni amsa, don Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba, ta ce ai an rubuta a jikin ledar. To, an rubuta. Ni da na tsufa ina fawa a Adjamé, cikin birnin Abidjan, yau takarda ce za ta gaya mini abin da ya halatta. Ban yi mata faɗa ba, yarinyar ba ta da laifi, haka ta tarar da duniya. Amma ban ci naman ba, kuma tun daga ranar hankalina ya koma gidan da na tashi, da wani mutum da ya rasa kusan komai nasa a kan wannan tambaya ta wa ya yanka.

A Bracodi muka tashi, a irin gidajen hayar nan da ake kira kur: ɗakuna a jere sun kewaye tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, bishiyar mangwaro ɗaya da kowa ke cewa tasa ce idan ta yi 'ya'ya. Akwai mu 'yan Adar, akwai Julawa, akwai Mosawa, sai wasu Bawule Kiristoci a ɗakin ƙarshe. Ko ido a rufe ka san lokaci a gidan nan. Da asuba ƙarar bokitai a bakin famfo da faɗan mata a kan layi, sai kukan jirgin ƙasa daga can tasha, sai yaran gbaka, motocin hayar gari, suna ƙwala kiran unguwanni kamar ana yanka su. Da hantsi matar Bawulen ta fara dakan futu, sakwararsu, tabaryarta tana da wani sauti mai nauyi da ya bambanta da dakan Inna, har mukan gane wace ce ta gaji. Idan ruwa ya sauko a kan kwanon rufi kuwa sai dai a yi magana da hannu. Aikinmu mu samari shi ne wanke tebur da kututturen sara, kankare su da bayan wuƙa, jiƙa tsummoki, da ɗaukar nama a ka daga inda mota ta sauke zuwa cikin kasuwa. Yau idan na bi ta wurin ba na gane ƙofar. An rushe kur ɗin, an ta da bene, ƙasansa duk shagunan waya ne, mangwaron ma ban san wanda ya ci itacensa ba.

Baba mahauci ne ɗan mahauci. Da ƙafa da bayan motar kaya ya zo Abidjan yana saurayi, kuma har ya mutu bai bar Hausar garinsu ba, bai kuma koyi Faransancin da ya wuce na ciniki ba. Mutum ne mai tsauri, dariyarsa sai da dalili. Abin da ya fi nanata mana, har muka gaji da ji, shi ne mai sayen nama ba ya nan lokacin da aka yanka, kai kaɗai ka gani, kai da Allah, don haka cikin mutane amana ce a hannunka. Ya taɓa zubar da cinya guda saboda ya yi shakkar yadda dabbar ta mutu, Inna ta yi kwana biyu ba ta yi masa magana ba. Mu biyu ne 'ya'yansa maza, ni da wana, wanda nake kira Yaya, shekara uku ya ba ni. Tare muke cin abinci da Baba a kwano ɗaya, kuma ko a bakin kwanon ka san wa aka fi so, don tsokar da ta fi kyau gaban Yaya take gangarawa. Ban ga laifin Baba ba. Yaya yakan feɗe rago fatar ta fita ba ƙwarzane ko ɗaya, ni kuwa fatar da na feɗe sai dai a yi rariya da ita. Kowa a kasuwa ya san tebur da wuƙaƙen Baba na Yaya ne, an ma riga an kai masa gaisuwar aure gidan wani dillalin shanu.

Yaya ne ke kai nama Treichville, wurin masu gidajen abinci. Kullum sai ya haye gada. A can ya saba da wani kafinta, dattijo Bagobiri, wanda ya taɓa gyara mana ƙafar tebur. Mutumin Kirista ne tun daga gida, yana da littafinsu da Hausa, kuma su kaɗan ne suke taruwa ran Lahadi a wani ɗaki bayan shagonsa. Mu dai mun ga Yaya ya rage fushi, ya daina zagin yaran kasuwa, yana daɗewa idan ya haye. Inna ta ce budurwa ce. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne kaji. Maƙwabta sukan miƙo wa Yaya kaza ya yanka musu, sai ya fara zillewa, yau ya ce yana sauri, gobe ya ce a ba ni. A mayankar gari akwai malamin da aikinsa ke nan yanka, mu fiɗa da sara ne namu, shi ya sa ba wanda ya lura watanni sun wuce Yaya bai sa wuƙa a wuyan komai ba.

Sai Babbar Sallah ta zo, wadda a nan ake kira Tabaski. A kur ɗinmu al'ada ce duk mai rago ya jawo shi gindin mangwaro bayan an sauko daga idi, ya wakilta Baba ya yanka masa. Da hannun Baba ya fara rawa, sai aikin ya koma kan Yaya, shekara biyu shi ke yi. Ranar jajibere da la'asar muna zaune bayan ɗaki muna wasa wuƙaƙe, raguna sun cika gida da kuka, sai ya ajiye dutsen ya ce, "Ƙanena, gobe ba ni yanka."

Na ce ko ba shi da lafiya ne. Ya ce lafiyarsa lau, ya ba da gaskiya ga Yesu Almasihu, an ma yi masa baftisma tun kafin azumi. Ban san lokacin da wuƙa ta faɗi daga hannuna ba. Wanda bai tashi cikinmu ba ba zai gane nauyin maganar ba. Yankan wanda aka haifa Kirista, malamai suna da maganganu a kai. Amma wanda ya bar Musulunci, a wurinmu babu gardama, abin da ya yanka mushe ne, ragon layyar da ya yanka kuwa mai shi bai yi layya ba. Ga mahauci, wannan daidai yake da a ce an cire masa hannu.

Ni a lokacin ba addini ne ya fara zo mini ba, tsoron Baba ne. Na ce, "Yaya, gobe ɗaya ce. Ka ce Bisimilla, ka ja wuƙa. Wa zai buɗe ƙirjinka ya duba?"

Ya ce, "Ba kiran sunan Allah ya gagare ni ba, har yau ina kira. Amma dubi tsohon Bajulan can, wata huɗu yana ba ragonsa dusa da hannunsa. In na yanka mashi, a addininsa bai yi layya ba, kuma bai sani ba. Wanda nake bi bai yarda in cuci mutum don in tsira da mutuncina ba."

Na ce to ya ɗaure hannu da tsumma, mu ce ya yanke wurin wasa wuƙa, ni zan ba da shaida. Ya yi murmushi ya ce, "Baɗi fa? Shekara nawa zan yi da tsumma?" Ya ɗauki dutsen ya ci gaba da wasawa. Wuƙar da ba zai riƙe ba, sai da ya wasa ta har tana aske gashin hannu.

Washegari aka sauko daga idi, kowa da sabuwar shadda, an haƙa rami gindin mangwaro, an jera raguna, samari sun kafa itatuwan da za a banƙare su a kewaye wuta yadda ake yi a gida. Baba ya fito da babbar wuƙarsa naɗe a ƙyalle, ya miƙa wa Yaya. Yaya ya ce yana roƙon magana a ɗaki. Baba ya ce mutane na jira, in magana ce ya faɗe ta nan. Sai Yaya ya cire takalmi, ya tsuguna a gabansa, ya faɗa. Bai ɗaga murya ba, amma duk tsakar gidan ta ji, har matan da ke jajjaga suka tsaya.

Baba ya ce, "Mi kac ce?"

Ya maimaita.

Baba ya daɗe yana kallonsa. Ina jin so ya yi ya ba shi ƙofar fita, don sai ya sake miƙa wuƙar ya ce, "Ban jiya ba. Amshi ka yi aikinka."

Yaya ya ce, "Baba, kai ka koya mani mai nama ba ya ganin yanka, ni kaɗai na gani, ni da Allah. Ka gafarce ni, ba ni iya amsa."

Baba ya juyo gare ni ya sa mini wuƙar a hannu. Ranar na fara yankan layya, tsohon Bajulan na riƙe da ƙafar ragonsa yana kallon ƙasa. Zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: cikin tsoron da hawayen, akwai wani lungu a zuciyata da ya ji daɗi, don karon farko Baba ya zaɓe ni. Har yau ina jin kunyar wannan. Yaya kuwa bai shige ɗaki ya ɓuya ba. Ya tuɓe rigar Sallah, ya yi ta ɗebo ruwa yana kwashe ƙazanta, aikin da ake ba ƙananan yara, har aka gama rago na ƙarshe.

Kwana uku Baba ya ba shi. Kawunmu ya zo, limamin unguwa ya zo, manyan mahauta suka zo, wani da lallashi, wani da zagi. Yaya yana tsugune yana sauraron kowa, ba ya gardama, ba ya aibata addinin kowa, amma bai matsa ba. A kwanakin nan aka raba masa kwano, Inna ta zuba masa a wani ƙarami tana kuka. A rana ta uku Baba ya ce ya zaɓa, ko gidan nan ko mutanen Treichville. Yaya ya ce bai taɓa son barin gida ba, amma in zaman gida sai ya musanta wanda ya ba da gaskiya gare shi, to zai tafi. Ya fita da jaka ɗaya. Kafin mako ya zagayo dillalin shanu ya maido da kayan gaisuwa. Duk faɗin Abidjan ba mahaucin da zai bar shi ya tsaya kusa da teburinsa, kuma ban zarge su ba, masu saye za su gudu. Hannun nan da ba a taɓa ganin irinsa a fiɗa ba ya koma ɗaukar buhunan koko a tashar jiragen ruwa, sai daga baya Bagobirin ya koya masa kafinta.

Baba ya hana a ambaci sunansa a gida. Inna ta bi umarnin da baki, amma kowace Sallah sai ta naɗe gasasshen haƙarƙari a takarda ta ba ni in haye gada. Da na ce Baba zai gani, ta ce, "Bawulen ɗakin ƙarshe ma ana ba su naman layya, ɗan da na haihwa ne ba za a ba?" Baba yana gani, yakan dai mai da fuskarsa wajen rediyo. Shi kuma Yaya bai taɓa fashin zuwa gaisuwar Sallah ba. Yakan tsaya daga bakin ƙofar kur, ya cire takalmi, ya tsuguna ya gaida Baba daga nesa. Baba ba ya amsawa. Ya jira kaɗan, ya tashi ya tafi, baɗi ya dawo. Da ni ne, wallahi sau biyu zan zo, na uku sai dai a neme ni. Shi sai da ya yi furfura yana wannan tsugunon, bayan ya auri wata 'yar cocinsu har sun haifi 'ya'yan da Baba bai taɓa ɗauka ba.

Yanzu abin ya zama da sauƙi. Coci a kowace kwana, lasifika na gasa da lasifika, gida ɗaya za ka ga wannan ya tafi masallaci wancan ya tafi coci, da yamma su haɗu a kan kwanon aceke, dambun rogon nan, ba wanda ya ɗaga gira. Ban ce wannan ba alheri ba ne. Amma ina ganin samari suna shiga addini suna fita kamar masu gwada riga, wani don aure, wani don an ce za a yi masa addu'ar biza, kuma idan abin ya zo da ɗan tsada sai su ajiye. Ni Musulmi ne, na je Makka, a kan haka nake fatan cikawa, kuma ban taɓa yarda hanyar Yaya ita ce daidai ba, na sha gaya masa a fuskarsa yana dariya. Shi ma yau ya riga mu gidan gaskiya, Allah ne ya san tsakaninsu. Sai dai a duk mutanen da na sani, da masu rawani da masu kwat, ban ga wanda ya riƙi abin da ya gaskata kamar shi ba, kuma ban ga wanda ya fi shi girmama addinin da ya bari ba. Abu ɗaya kawai ya nema daga gidanmu duk tsawon shekarun nan, Baba ya sa masa albarka.

Da ciwon ajali ya kwantar da Baba, wata rana bayan azahar ya ce da ni, "Tahi ka kira shi." Bai faɗi suna ba, ban kuma tambaya ba. Na tarar da Yaya yana fere katako, ya biyo ni da garin katako a gashinsa. Wannan ce shigarsa ɗakin Baba ta farko tun ranar da ya fita. Inna na zaune a gefe. Baba ya kamo hannunsa yana shafawa, yana jin kantar da ke tafin, ya ce, "Ɗana, na gaji. Ba ni son in tahi da kai a wuyana. Matso ka hwaɗi kalmar shahada a kunnena, ni ɗai, ba sai kowa ya ji ba. In sa ma albarka in huta."

Ni har na ji sanyi a raina, na ce shi ke nan, abu ya zo ƙarshe. Yaya ya sunkuya ya riƙe ƙafafun Baba, kuka ya ƙwace masa irin wanda ban taɓa ji daga babban mutum ba. Ya ce, "Baba, ka ce in ɗauki komi in ɗauka. Amma wannan in na faɗa, ƙarya na yi maka, kuma da ƙaryata za ka tafi gaban Allah. Ba ni yi maka haka."

Baba ya saki hannunsa, ya juya fuskarsa bango. Yaya ya jira, ya jira, har aka kira la'asar. Da muka fito tsakar gida na zazzaga masa maganganun da ba zan maimaita ba, na ce zuciyarsa dutse ce, kalma ɗaya ta gagare shi saboda tsohon da ke mutuwa. Ya fita ya koma Treichville. Bayan kwana biyu, da hantsi, Baba ya cika.

Na aika masa, ya zo. Ya san ba za a bar shi wurin wanka ba, ba zai shiga sahun sallah ba, ba zai sa kafaɗa a makara ba, kuma bai nemi ko ɗaya ba, don kada a yi hayaniya a kan gawar Baba. Ya ja ni gefe ya ce, "Wa ke gina?" Na ce an tura samari maƙabartar Williamsville. Da na waiga ban gan shi ba. Sai da muka isa da gawa bayan azahar na hango shi a cikin ramin, ba riga, jar laka har wuya, don an sha ruwan sama da safe ƙasar ta yi nauyi. Samarin suka ce tun zuwansa ya karɓi diga bai ba kowa ba, kuma da suka kawo igiyar awo ya ce su bar ta, ya san tsawon ubansa. Yana ganin makara ta matso ya fito, ya miƙa shebur, ya koma can nesa bayan mutane ya tsaya. Kawu ya gan shi, liman ya gan shi, ba wanda ya kore shi. Ni na shiga na karɓi Baba na kwantar da shi.

Da aka watse na same shi yana wanke hannu a wani kwatami, tafukansa duk sun fashe. Fushina ya riga ya tafi, sai nauyi. Na ce, "Yaya, ya tafi bai sa maka albarka ba. Ka yi nadama?"

Ya ci gaba da wanke hannu. Can ya ce, "Zafi dai ina ji, kuma na san har in mutu ina jinsa. Amma nadama, a'a." Ya goge hannunsa a wando, ya dube ni ya ce, "Kai da ka sa shi, wurin ya yi mashi daidai?"

Na ce ya yi daidai. Ya gyaɗa kai, ya ɗauki rigarsa ya nufi bakin titi neman motar Treichville, ni kuma na koma gida zaman karɓar gaisuwa.